Belun Ɗiyar Lailatu

Ku matso, 'yan uwa, ku gyara zama, yau asirin kaina zan fara tonawa kafin in taɓa na wani. Ni Habsatu, wadda duk unguwarmu a Filinge ake kira Kaka, na iya karatun boko. To, na faɗa. Shekara uku na yi a lakwal, makarantar bokon Damana, kafin babana ya ce ya isa haka, kuma abin da ya shiga kai bai fita ba. Ban taɓa gaya ma kowa a gidanga ba, don tsohuwar da aka ɗauka ba ta karatu, a gabanta ake aje waya a buɗe. Ku ce mini magulmaciya. Na ji, na kuma gode.

Jikata Lailatu ce ta haihu, ɗiya mace, jawur da ita, ga gashi kamar an shafa mai. Ta dawo gida wanka, ɗakina anka sauke ta. Uban Lailatu shi ne ɗana na fari, limamin masallacin unguwa. Ba ni faɗin sunanshi da baki, Malam nike ce mishi, amma tunda rubutu ne ba magana ba, Haruna ne. Mijinta kuwa Sahabi, dillalin tumaki, dogo siriri kamar karan dawa, wanda in ya zo gaishe ni sai ya tsuguna tun daga bakin zaure, amma idonshi na can yana leƙen labulen matarshi.

Wannan ba ita ce haihuwar fari ba. Shekara biyu da sunka wuce Lailatu ta samu namiji, anka sa mishi Kamal. Ranar suna wanzamin gidanmu, Manzo, ya yi mishi aski, sannan ya cire mishi belu, ɗan naman nan da ke reto a can cikin maƙogwaro. Haka munka taras ana yi ma kowane jariri, ni ma an yi mini, na kuma kai nawa duka anka yi musu. Amma jinin Kamal bai tsaya ba. Anka ba shi rubutu, anka yi hayaƙi, anka ce a jira, yanzu zai tsaya. Da anka ga jira bai yi ba anka ɗauke shi a moto, wato babur, zuwa likita, kafin a kai ya cika.

Ba a bar Lailatu ta yi kuka ba. Mata sunka ce ɗan fari ne, ina kunyarki? Maza sunka ce kwananshi ne ya ƙare, haƙuri ake yi. Ta haɗiye, ta yi shiru, kowa ya yaba mata da tawakkali.

Abin da ban faɗa ba shi ne, a al'adarmu kaka ce ke riƙe jariri ga wanzami. A cinyata Kamal yake. Ni na danne mishi hannuwa.

To, ranar da sabuwar jaririya ta kwana shida, da la'asar sakaliya, uwar Lailatu, Salamatu, ta kira ta wankan ganye a bayan ɗaki. Tukunya na ta tururi, ana jin ƙarar ganyen bedi, dogon yaro ke nan, bisa baya, fat, fat, Lailatu na cewa, “Inna, a hankali, fata ce ba ganga ba!” Ni anka bar ma jaririya. Wayar Lailatu kuwa ga ta bisa tabarma, kusa da kwanon kunun kanwa, fuskarta a sama, ko kulle ta ba a yi ba. Shaiɗan ya ce duba. Ni kuma ba ni son musu da baƙo.

Saƙonninta ne da Sahabi, wanda ya tafi Baleyara neman ragon suna.

Shi ya fara: “Na samu balami fari tas. Ya fi Malam gemu.”

Ita ta ce: “Bar maganar rago. Gobe Manzo za shi zo da zabirarshi. In ya buɗe bakin ɗiyata, wallahi sai dai ka ji na kama hanyar Yamai da ita a ƙasa.”

“Na yi ma Malam magana. Ya ce a bar ma Allah.”

“Wancan karon ma Allah anka bar ma.”

Na ɗan tsaya, na gyara ma jaririya zane, na saurara. Ganye na ci gaba da aiki a bayan ɗaki. Na koma.

“Sahabi, kai kaɗai ka sani. Tun ranar Kamal ban yi salla ta gaskiya ba. Ina alwala don a gani, in shiga ɗaki in zamna bisa tabarma in ta kallon bango. In na ɗaga hannu sai in ji muryoyinsu, haƙuri, haƙuri. Kowa ya yi ɓarna sai ya laɓe bayan Allah. Kwana arba'in ɗinga da anka ɗauke mini salla, su ne karon farko da ba ni yi ma kowa ƙarya. Ina tsoron ranar da za su ƙare. In ɗiyar nan ta girma ta ce Inna koya mini salla, mi zan ce mata?”

Ku ji abin da dogon nan ya amsa, shi ya sa nike son shi ko da ba ya kawo mini goro mai kyau: “Astagfirullah. Ni ba malami ne ba, Laila, tumaki na sani. Tunkiyar da kura ta taɓa ba a jan ta da igiya, jira ake ta dawo garke da ƙafarta. Ni ina roƙa mana mu biyu. Ke dai sha kununki.”

Na aje waya daidai inda na ɗauke ta. Da Lailatu ta shigo, jiki na tururi, ɗaure da zanen atamfa mai ruwan ganye, kai ba ɗankwali, sai ta taras da ni ina yi ma jaririya waƙa kamar ban san komi ba.

“Kaka, mi ya samu idonki?”

“Hayaƙin uwarki. Icen da ta samo ɗanye ne.”

“To.” Ta zamna, ta karɓi ɗiyarta, ta ba ta nono. Ta daɗe tana kallon ɗan bakin nan yana tsotso, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Kishiyar taki ba ta da laifin komi, Kaka. Dubi yadda take ci.”

“Wa ya ce tana da laifi? Ni dai ta bar mini mijina.”

Ta yi 'yar dariya, ba ta kai ciki ba.

Na ɗauki sandata na nufi zaure. Malam na zamne bisa buzu, littattafai jibge a gefe, tabarau a ƙarshen hanci. Ga damman hatsi da anka kawo daga gona an jingine su ga bango, ba a kai rumbu ba tukuna. Da ya gan ni ya yi zumbur zai tashi.

“Zamna. Tambaya na zo da ita, irin ta jahilai.”

“Allah shi ba ki haƙuri, Inna, wa ya isa?”

“Cikin tarin littattafan ga, a wane shafi anka ce a yanke ma jariri belu?”

Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Tun yana yaro in ya saci ƙuli-ƙuli haka yake, sai ya nemi abin gogewa.

“Inna, al'ada ce da munka...”

“Ban tambaye ka abin da munka taras ba. Ni na riga ka tarasuwa. Yana ciki ko ba ya ciki?”

“Ba ya ciki.”

“Tun yaushe ka sani?”

“Tun ina karatu.”

“To mi ya hana bakinka?”

Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, “In na tashi gaban jama'a na ce a bari, gobe a ce liman ya koma Izala, rabin sahu su bar mini masallaci. Gidan su Manzo tun kakanni suke aske mu. Wannan duka da sauƙi, Inna. Amma ni na tsaya bisa kan yaron nan na ce ma mutane kwananshi ne. In yau na ce babu shi cikin addini, to na ce ke nan mu munka...” Bai ƙarasa ba.

“Mu munka yi,” na ce mishi. “Kai kana waje da carbi. Ni ke riƙe da hannuwanshi.”

Anka kira magariba, ya tashi ya fita da takalmi ɗaya nashi ɗaya na wani. Na san ɗana. Zuciyarshi mai kyau ce, amma ba ya hawa doki sai an riƙe mishi linzami.

Gari na wayewa ƙofar gida ta cika. Anka shimfiɗa tabarmi har bakin hanya, anka raba goro da dabino, 'yan uwan Sahabi sunka zo daga Bonkuku cikin mota guda har da kaji. Mu mata muna ciki muna kasa kunne. Can anka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya: “Sunan yarinya Basiratu! Allah shi raya Basiratu!” Guɗa ta tashi. Balamin da ya fi Malam gemu ya sha wuƙa.

Lailatu ta ci kwalliya, leshi ruwan hoda da Sahabi ya aiko, lalle har idon sawu, kwalli ram a ido. Amma ta ƙi zama cikin ƙawayenta. Ta tsaya bakin ƙofar ɗaki, rataye da gyale a kafaɗa, takalmi a ƙafa. Ni kaɗai na lura da ƙullin kayan da ta tura bayan ƙyaure. Yarinyar nan da gaske take, Yamai za ta.

Sai ga sallama. Manzo ne, zabira rataye a kafaɗa, hula ta karkace. Bari in gaya muku, tunda yau ranar wanka ce ba a ɓoyon cibi: Manzon nan ya neme ni da aure muna 'yan yara. Kasuwa uku yana bi na da alawa. Na ƙi shi don kunnuwanshi, kuma har yau ba su ragu ba.

“Habsatu, ashe kina nan da rai?”

“Ina jiran in ga bayanka. Wanzaman bana, aska ta fi hannu ƙarfi.”

“Da kin aure ni da yanzu kina da haƙora.”

“Da na aure ka da ɗiyana sun tashi sama da kunnuwa.”

Mata sunka kwashe da dariya. Anka shimfiɗa mini tabarma a gindin bedi, na miƙe ƙafafu, na ce a kawo yarinya. Lailatu ta ƙanƙame ta. Uwarta ta ce, “Ke, miƙa mana, mutane na kallo.” Ta dube ni. Ban yi mata alama ba, ban kashe ido ba, hannu kawai na miƙa. Ta tako a hankali, ta ɗora mini Basiratu a cinya, a cinyar nan dai, ta koma taki biyu ta tsaya kamar kaza bisa ƙwai.

Manzo ya jiƙa kan da ruwan ɗumi da sabulu, ya yi bisimilla. A gaskiya wajen aski hannunshi na da kyau. Gashi na sauka cikin ƙoƙo, yarinya ko motsi, sai hamma. Ya gama, ya goge aska. Sannan ya sa hannu cikin zabira ya zaro ɗan icen danne harshe da 'yar lanƙwasasshiyar askar nan.

“Riƙe mini hannuwanta.”

Na ɗora tafin hannuna bisa bakin Basiratu.

“Habsatu, hannuwa na ce.”

“Na ji ka. Kunnena ƙanana ne amma suna aiki. Askin kai mun karɓa, mun gode. Wancan mayar da shi inda ya fito.”

Gwoggon Sahabi, Safi, wadda ta zo daga Bonkuku da bakinta a wase, ita ta fara.

“La ilaha illallahu! Tsufa ya taɓa Kaka. Yarinyar da ba a cire ma belu ba ai amai da zawo za su cinye ta! Ba ta ƙiba, ba ta jin nono. So kuke ya kumbura ya shaƙe ta?”

“Safi, ɗiyan madam, mai aiki gidan likita, huɗu ne, ba wanda anka taɓa, kuma ko wane ya fi ki ƙiba.”

“Su ai 'yan boko ne! Mu musulmi ne. Addini ne, haka anka taras!”

“Madalla. Tunda addini ne, ga mai shi nan a ƙofar gida. Salamatu, kira mini mijinki.”

Malam ya shigo da babbar riga fara, Sahabi na biye da shi, hannu duk jinin rago. Da ɗana ya ga inda hannuna yake, ya ga Manzo tsugune da aska, sai ya kai hannu ga tabarau.

“Kar ka goge,” na ce. “Ƙalau suke. Safi ta ce cire belu addini ne. Ga mata sun taru. Faɗa musu abin da ka faɗa mini jiya, ko kuma ka faɗa musu uwarka maƙaryaciya ce. Zaɓi ɗaya.”

Allah shi yafe mini, na san na matse shi a lungu. Amma wa ya haife shi?

Ya dubi Safi, ya dubi Manzo, ya dubi ƙasa. Sannan ya ɗaga kai ya dubi ɗiyarshi.

“Aski da yanka da suna, su ne sunna,” ya ce. “Belu ba ya cikin Alƙur'ani, ba ya cikin hadisi. Na sani tun da daɗewa. Ban faɗa ba.”

Safi ta buɗe baki, amma Lailatu ta riga ta. Yarinyar da ko ido ba ta haɗawa da ubanta, sai ga ta ta durƙusa gabanshi, cikin leshinta, cikin ƙasa.

“Baba, ku gafarce ni, tambaya ɗaya. Ranar nan kun ce kwanan Kamal ne ya ƙare. Da ba a taɓa shi ba, da kwanan ya ƙare?”

Salamatu ta dafe ƙirji. Na zaci zai jawo aya, don yana da su a baki kamar ƙwayar hatsi. Shekara talatin yana limanci, ba tambayar da na ji an yi mishi ya rasa amsa, ko ta aljanu ce.

“Ban sani ba, ɗiyata,” ya ce. “Allah shi ne masani. Abin da na sani, ni na yi shiru inda ya kamata in yi magana, kuma na hana ki kuka inda ya kamata ki yi. Wannan ba Allah ya yi miki ba. Ni ne.”

Sai kukan ya zo. Kukan shekara biyu, ranar suna, gaban baƙi, da kwalli da komi. Ba wadda ta ce mata ina kunya. Sahabi ya rasa yadda zai yi da hannuwanshi masu jini, ya tsuguna gefenta yana ta cewa, “Laila, Laila,” gaban surukinshi, ko a jikinshi. Wata tsohuwa daga cikin 'yan Bonkuku ta ja gyale ta rufe fuska, ashe ita ma ta taɓa binne nata a irin wannan hanya, daga baya na ji, kun san ba ni barin zance a ƙasa.

Manzo ya naɗe askarshi cikin tsumma a hankali. Ya matso kusa da ni, ya ce yadda ba mai ji, “Tun ranar nan, Habsatu, in na zo wucewa ta ƙofar gidanga sai in zagaya ta bayan masallaci. Yau da ƙyar ƙafata ta shigo.”

“To mi ya sa ka zaro ta?”

“Ba wanda ya ce in bari.”

Na sa anka ba shi rabonshi na nama cif, har na ƙara mishi da goro daga ƙullina. Ya ce wannan ne sadakin da ya jira shekara sittin. Na ce shi tafi kafin iska ta ɗauke shi.

Safi ba ta ci tuwonmu ba, ta koma mota ta zamna tana fifita. A masallaci kuwa na ji an fara ƙus-ƙus tun azahar, mutum uku sun ja baya daga sahun gaba. Malam ya shigo ya wuce ɗakinshi, amma takalmanshi duka nashi ne.

Da la'asar baƙi sunka ragu, Salamatu ta kira mai jego wanka. Anka bar ni da Basiratu, kai fes kamar ƙwai, tana barci da baki a buɗe. Na leƙa ciki. Ga ɗan belunta can yana reto, lafiyarshi lau. Ƙullin kayan bayan ƙyaure an kwance shi. Waya kuwa ga ta bisa tabarma, kusa da kwanon kunu, fuska a sama. Na ce ma kaina, Habsatu, yau kin yi aikin lada, kar ki ɓata shi. Na daure har ganye ya yi fat sau uku. Na ɗauka.

Ba saƙon Sahabi ne a buɗe ba. Rubutu ne da manyan baƙaƙe, irin waɗanda tsohon ido ke gani ba wahala:

“Kaka, tun ina aji uku na gan ki kina karanta takardar maganin Inna kina motsa baki. Kin zaci don wa nike barin waya a buɗe? Na gode. Saura kwana talatin da uku arba'in ta cika. Ban yi ma kowa alkawari ba. Amma tabarmar sallata da ke bisa akwati, kar ki bari Inna ta ba baƙi. Yanzu aje wayar, kunun nan naki ne, yana hucewa.”

Daga bayan ɗaki na jiyo muryarta cikin tururi: “Kaka! Kin kai ƙarshe, ko in ƙara miki lokaci?”